Darasi na 12: Tama, Gawayi da Ƙarfen da Ba Ya Barin Hayaƙi

Duk wanda ya taɓa kai fartanya gyara ya san rumfar maƙera. Tun daga nesa kake jin amon masaba a kan uwar maƙera, kafin ka hango yaron da ke zuga wuta. A da zugazugin fatar akuya ne guda biyu, wannan ya hau wancan ya sauka. Yanzu a wurare da yawa wilin keke ne aka haɗa da 'yar fanka, yaro na juyawa da hannu ɗaya, ɗayan hannun na cikin aljihun gyaɗa. Gawayi ya yi ja, ƙarfe ya yi ja, maƙeri ya zaro shi da awartaki ya hau shi da masaba, don da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Wata ranar kasuwa, gab da faɗuwar damina, na zauna a irin wannan rumfa ina jiran a yi wa garmata baki. Na dubi dattijon da ke aikin na ce, “Baba, wannan ƙarfen daga ina yake zuwa?”

Ya ɗaga guntun da ke bakin awartakinsa ya ce, “Wannan? Sifirin tirela ne. Wancan da zan yi gatari da shi kuma daga jikin wata tsohuwar tarakta aka yanko. Mu yanzu, ɗan nan, mushen mota muke ci.”

Na ce, “To kakanninku fa, kafin mota ta shigo ƙasar nan?”

“Su ai tama suke dafawa,” in ji shi. “Dutse za su haƙo, su ba shi wuta kwana da yini, ya haifi ƙarfe. Ni ban gani ba, amma mahaifina ya gani yana yaro.”

Darasinmu na yau a kan wannan dahuwar yake: yadda dutse ke zama ƙarfe, abin da ya sa aikin ke cika sararin sama da iska mai cutarwa, da sabuwar dabarar da ake gwadawa don a rabu da wannan iskar. Za ku ga cewa mu mutanen Bobi da Kontagora ba 'yan kallo ba ne a zancen, domin abin da sabuwar dabarar ta fi buƙata a jiharmu ta Neja ake yin sa.

Tama tsatsa ce

Ku ɗauki fartanya sabuwa fil ku yar da ita a bayan ɗaki tun farkon damina, ku koma mata da kaka. Za ku tarar ta yi ja tana zubar da gari. Tsatsa ke nan. Iskar da muke shaƙa ba abu guda ba ce, gauraye take. Kusan kashi ɗaya cikin biyar nata wata iska ce da ake kira oksijin. Ita ce amfanin numfashi, ita ce kuma ke sa wuta ta ci, shi ya sa maƙeri yake zuga. Oksijin na da kwaɗayin ƙarfe. In ta same shi da damshi sai ta maƙale masa kamar kaska a kunnen saniya, su zama wannan jan garin.

Tama ba wani abu ba ce illa ƙarfen da ya yi tsatsa a cikin ƙasa tun zamanin da babu mai ƙirga shi, ya cuɗanya da yashi da laka. In an sami jar tama tsantsa, wadda ba datti a cikinta, a kowane kilo 10 akwai ƙarfe kilo 7 da oksijin kilo 3. Ashe aikin mai dafa tama, ko a ƙauye yake ko a babbar masana'anta, guda ɗaya ne: ya cire kaskar nan.

Ba a cire ta da hannu, kuma zafi kaɗai ba ya cire ta. Sai an kawo mata abin da ta fi so fiye da ƙarfe. Abin nan shi ne kabon, wato baƙin sinadarin da ya cika gawayi da kwal. In wuta ta yi ƙarfi sosai, oksijin sai ta saki ƙarfe ta bi kabon, su biyun su tashi sama a matsayin iskar da ake kira kabon dayoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In na ce “hayaƙi” a darasin nan ita nake nufi, ba baƙin hayaƙin da ke sa hawaye ba.

Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa sauran darasin ya ginu: gawayi aiki biyu yake yi a murhun tama. Yana ba da zafi, yana kuma ƙwace oksijin. Da zafi ne kaɗai, da tuni an musanya shi da lantarki an huta. Aiki na biyun ne mai wuyar samun magaji.

Yadda na da suka yi

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A Taruga, kusa da Abuja, wani mai tonon kayan tarihi da ake kira Bernard Fagg ya tono muraho fiye da 10 na dafa tama a shekarun 1960, kuma bincike ya nuna an yi aiki da su kimanin shekara 2,500 da suka wuce. A gindin Dutsen Dala an sami alamun wannan aiki na ƙarni na 7. Tarihin baka na Kano ya ce Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya, neman tama ne ya kawo su wurin. Wato kafin Kano ta zama birnin fatauci, garin masu dafa dutse ce. A ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar kuwa, wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta tarar da Hausawan da suka san aikin a shekarun 1960, har ta ɗauke su a fim suna yi.

Ginin murhun ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tushen ɗaya ne. Za a gina shi da yumɓu a tsaye, a saka bututan yumɓu ta ƙasa don iska ta shiga. A zuba gawayi, a zuba dakakkiyar tama, a sake zuba gawayi, hawa-hawa. Gawayin ƙirya aka fi so, saboda nauyinsa da daɗewarsa yana ci, kuma har gobe shi maƙera ke nema. Zafin irin wannan murhu yakan kai digiri 1,200. Shi kuwa ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1,538. Saboda haka ƙarfen bai taɓa zama ruwa a murhunsu ba. Yashi da lakar ne ke narkewa su gangara ƙasa su daskare, su ne kashin maƙera da manoma kan ci karo da shi a tsofaffin kufai. Ƙarfen kuwa sai ya dunƙule wuri guda, duk jikinsa ƙofofi, domin inda oksijin ta fita ya bar gurbi. Kamanninsa kamar soson wanka. Shi za a fasa a kai maƙera, a yi ta gasawa ana bugu har ragowar dattin ya fice.

Kada ku manta da wannan soson. Za mu sake haɗuwa da shi nan gaba.

Aiki ne mai cin rai da cin itace. Sai an ƙona buhunan gawayi masu yawa kafin a sami ƙarfen 'yan fartanyoyi. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ƙarfen Turai ya fara shigowa da araha, daga baya tsofaffin motoci suka biyo, sai sana'ar ta yi ta ja da baya har ta mutu. Ƙira ta rayu, dahuwar tama ta tafi.

Dogon murhu

Ingila ma da gawayin itace ta fara, har dazuzzukanta suka fara ƙarewa. A 1709 wani mai suna Abraham Darby ya yi nasarar dafa tama da gasasshen kwal, wato kwal ɗin da aka gasa a rufe har ya zama kamar gawayi mai tauri. Daga nan aka sami hanyar da har yau ita ke ba da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfen duniya.

Murhun wannan zamani hasumiya ce da ta haura mita 30. Ana zuba tama da gasasshen kwal da dutsen farar ƙasa ta sama, ana hura iska mai tsananin zafi ta ƙasa, ƙarfe na fitowa a narke kamar kunu, zafinsa wajen digiri 1,500. In an kunna shi ba a kashewa sai bayan shekara 15 ko fiye. Ƙarfen da ke fitowa ya sha kabon da yawa, wajen kashi 4 cikin 100, saboda haka yana da tauri amma ba shi da jimiri. Irinsa ne a jikin tsohon dutsen guga na gawayi, wanda in ya faɗi a siminti sai ya tsage. Sai an sake zuba shi a wata babbar tukunya an hura masa oksijin, kabon ɗin ya ragu zuwa ƙasa da kashi 2, galibi ma ƙasa da 1, sannan ya zama tataccen ƙarfen da ake rodi da kwanon rufi da sifirin mota. Kabon a ƙarfe kamar gishiri ne a miya: in babu, lami, in ya yi yawa, an ɓata. Maƙerin da ke ba wa adda ruwa don bakinta ya yi kaifi, da wannan ɗan kabon ɗin yake aiki ko bai san sunansa ba.

Ga lissafin. Kafin a sami tan 1 na tataccen ƙarfe ta wannan hanya, ana cinye tama wajen kilo 1,370 da kwal wajen kilo 780, sannan a saki kabon dayoksaid sama da tan 2. Ku sake karantawa: hayaƙin ya ninka ƙarfen nauyi. Duniya kuwa tana yin ƙarfe kusan tan biliyan 1.9 a shekara, fiye da rabinsa a ƙasar Sin. Shi ya sa masana'antar ƙarfe ita kaɗai ke da kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na duk kabon dayoksaid ɗin da ɗan Adam ke saki ta hanyar ƙona makamashi. Iskar nan in ta taru a sama sai ta zama kamar bargo, zafin rana ya shigo ya kasa fita duka. Wannan shi ke kawo sauyin yanayi.

Wani zai ce, “Malam, mu ina ruwanmu? Ba mu muka ɓata ba.” Gaskiyarsa. Abin da Nijeriya ke saki na wannan iska bai kai kashi 1 cikin 100 na duniya ba. Amma sama ba ta da shinge, hayaƙin Sin da na Jamus a kan gonar kowa yake. Ga kuma kasuwa: daga watan Janairu na 2026 Tarayyar Turai ta fara ɗora kuɗin fito a kan ƙarfen da ake shigar mata da shi gwargwadon hayaƙin da aka saki wajen yin sa. Masana'antar ƙarfe kuma ba rumfar kasuwa ba ce da za a tayar baɗi. Wanda ya gina yau, jikokinsa za su tarar da ita.

Ajakuta da Aladja

Nijeriya ta gwada hanyoyi biyu a lokaci guda, kuma mutane sun fi sanin labarin ɗaya.

A 1979 aka ƙulla kwangila da wani kamfanin Tarayyar Sobiyet don gina masana'antar Ajakuta, a Jihar Kogi ta yanzu, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980. An tsara zangon farko zai ba da tan miliyan 1.3 a shekara, da dogon murhu, da tamar Itakpe da ke kusa. Fiye da shekara 40 ke nan, ba a taɓa kunna wannan murhu ba. Dalilan suna da yawa, wasu na siyasa, wasu na kuɗi, amma akwai na dutse tsantsa. Kwal ɗin Inugu ba irin wanda ke gasuwa ya yi tauri ba ne, wanda ke yankin Lafiya da Obi a Jihar Nasarawa kuma toka ta yi masa yawa. Ko da an kunna, sai an riƙa sayo kwal daga ƙetare.

Ta biyun ita ce ta Aladja kusa da Warri, wadda aka buɗe a 1982. Ita ba ta da dogon murhu, ba ta kuma amfani da kwal. Da iskar gas take aiki. Ana sarrafa gas ɗin ya rabu gida biyu, a tura shi cikin hasumiya cike da dunƙulallen garin tama, a zafin da bai kai na narkewa ba. Gas ya ƙwace oksijin, tama ta fito a bushe, jikinta duk ƙofofi. Soso ke nan, irin na Taruga da Dala. Daga nan sai a narka shi a tukunyar lantarki. Daga Aladja aka tsara a riƙa kai sandunan ƙarfe masana'antun mulmula ƙarafa na Katsina da Jos da Oshogbo. Ita ma ba ta taɓa cika mudun da aka auna mata ba, ta yi ta tashi tana faɗuwa. Sai dai a ganina ita ce ta fi kusa da inda duniya ta dosa yanzu, domin hanyar gas tana sakin wajen tan 1.4 na hayaƙi a kan kowane tan na ƙarfe, inda dogon murhu ke sakin sama da 2. Kuma yin soson ƙarfe ya dawo Arewa: a Gujeni, cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko ta Jihar Kaduna, akwai masana'antar da ke haƙar tama tana mayar da ita soso. Ga kuma gas ɗin da hanyar Aladja ke buƙata: bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara shimfiɗawa a 2020, ta Jihar Neja ya ratsa.

Tururi a maimakon hayaƙi

Yanzu mun iso sabon abu. Mun ce oksijin sai an kawo mata abin da ta fi so sannan ta saki ƙarfe. Ashe ba kabon kaɗai take so ba. Akwai wata iska, mafi rashin nauyi a duk iskokin duniya, sunanta haidirojin. In oksijin ta haɗu da kabon, hayaƙi ake samu. In ta haɗu da haidirojin, ruwa ake samu. Ruwan da muke sha ma haɗin su biyun ne.

To sai masana suka ce: a sami ruwa, a sa masa lantarki ya rabu. Lita 9 ta ruwa tana ba da kilo 1 na haidirojin da kilo 8 na oksijin. A tura haidirojin ɗin cikin hasumiya irin ta Aladja. Zai ƙwace oksijin daga tama, abin da zai fito ta sama tururi ne irin na bakin tukunyar tuwo, abin da zai fito ta ƙasa soso ne. A narka soson da lantarki, a barbaɗa masa ɗan kabon na gishirin miya, an gama.

Ba mafarki ba ne. A ƙasar Suwidin kamfanoni uku, SSAB mai ƙarfe da LKAB mai tama da Vattenfall mai lantarki, sun haɗa hannu a 2016 a wani shiri mai suna HYBRIT. Suka buɗe masana'antar gwaji a garin Lulea a 2020, kuma a watan Agusta na 2021 suka miƙa wa kamfanin motoci na Volvo ƙarfen farko da aka yi ta wannan hanya. A nan Afirka ma, a hamadar Namibiya, wata ƙaramar masana'anta mai suna Oshivela ta fara aiki a 2025 da wutar hasken rana, an tsara mata tan 15,000 a shekara. In an gwada da Ajakuta ɗigo ne, amma ita an kunna ta.

Sai dai kada a yi saurin guɗa. Wannan ƙarfe ya fi na kwal tsada, kuma a watan Yuni na 2025 kamfanin ArcelorMittal ya janye daga shirin sauya masana'antunsa biyu na Jamus, duk da tallafin Yuro biliyan 1.3 da gwamnati ta yi masa alkawari. Ya ce lissafin ba ya fita, kuma tsadar wuta na cikin manyan dalilai. Ga kuma zaɓen abinci: hasumiyar soso ba ta son tama sai wadda ƙarfenta ya kai wajen kashi 67 cikin 100, domin ba ta narka datti ta zubar kamar dogon murhu. Tamar Itakpe kuwa wajen kashi 36 take da shi. Sai an niƙa ta, an tankaɗe, an wanke, an tace, kamar yadda mace ke surfe da sheƙe kafin ta kai niƙa, kuma kowane mataki wuta yake ci.

Mu yi lissafin wuta

Ku fito da alƙalumanku. Kafin a yi tan 1 na ƙarfe da haidirojin, daga raba ruwa har narka soso, ana buƙatar lantarki wajen yunit 3,500, irin yunit ɗin da masu mita ke saya. A ce muna son masana'anta mai tan miliyan 1 a shekara, wadda ba ta ma kai zangon farko na Ajakuta ba. Yunit biliyan 3.5 ke nan. Shekara tana da awa 8,760. In kun raba za ku sami wajen kilowat 400,000, wato megawat 400, dare da rana, rani da damina, ba ɗaukewa ko ta minti ɗaya.

Yanzu ku dubi jiharmu. Madatsar Kainji, wadda ta fara aiki a 1968, an gina ta ne a kan megawat 760. Shiroro ta 1990 tana da 600. Zungeru, da aka kammala a 2023, tana da 700. Ga kuma Jebba a kan iyakarmu da Kwara. Duk wutar ruwa ce, ba kwal, ba hayaƙi, irin wadda ta sa Suwidin ta riga kowa. Ga rana da ba ma saye. In akwai inda ya dace da wannan sana'a a Nijeriya ta fuskar wuta mai tsabta, Neja ce.

Amma masana'anta ɗaya tak za ta lashe fiye da rabin ƙarfin Zungeru, ko da a ce injinanta duka suna juyawa kullum, alhali da rani ruwa kan ja baya. Ƙasar gaba ɗaya kuma, mai mutum sama da miliyan 200, abin da ke isa ga jama'a yawanci tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000. Ku da kuke kai waya caji shagon mai janareto, kuna kallon manyan wayoyin wuta sun ratsa daji sun wuce, ba sai an fassara muku “ga ƙoshi ga kwanan yunwa” ba. Ra'ayina, kuma kuna da damar ku saɓa mini a muhawarar aji, shi ne duk mai son kafa irin wannan masana'anta a nan ya zo da tasa wutar, ya gina sabuwar gonar hasken rana, ƙauyukan kewaye su ɗanɗana. In daga 'yar wadda ake da ita zai ɗiba, ƙarfen zai fito da tsabta, mu kuma mu ƙara sayen fetur ɗin janareto, hayaƙin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga.

Gawayi fa? Gwangwan fa?

Kullum in na kawo nan sai wani ya ɗaga hannu ya ce, me zai hana a koma wa gawayi kamar na da? Tambaya ce mai ma'ana. Itace yana shan kabon dayoksaid lokacin da yake girma, saboda haka in an ƙona shi bashin da ya ci ne ya biya. A Barazil har yau akwai masana'antun da ke dafa tama da gawayi, musamman a jihar Minas Jerais, inda ake noman itacen turare gona-gona domin wannan aiki, a sare a sake dasawa. Sharaɗin ke nan: a sake dasawa. In ba a dasa ba, gawayi da kwal duk kanwar ja ce. A irin ƙunar da ake yi a dazuzzukanmu, ta tara itace a rufe da ƙasa, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo 1 na gawayi. Wanda ke bin hanyar Tegina zuwa Kontagora ya ga buhunan da ke jere a bakin titi, kuma wannan na girki ne kawai. Ƙirya ba ta girma a shekara biyar. A ɗora wa dajin da makiyayan Bobi ke kiwo a ciki nauyin ciyar da masana'anta, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Hanya mafi sauƙin hayaƙi da muke da ita a hannu yau kuwa, ita ce wadda aka fi rainawa. Ƙarfe ba ya tsufa. Wanda aka riga aka cire wa oksijin sau ɗaya, narkewa kawai yake buƙata. Tsohon ƙarfen da aka narka a tukunyar lantarki yana sakin wajen tan 0.7 na hayaƙi a kan kowane tan, kusan kashi ɗaya cikin uku na dogon murhu. Yaron nan mai tura baro yana kiran “gwangwan”, da dillalin da ke auna masa a sikeli, da tirelar da ke lodi zuwa Legas da Ogun, su ne ke ciyar da yawancin masana'antun rodi na ƙasar nan. Dattijon da ya ce mushen mota yake ci ma a layinsu yake. Ba ina nufin masu kwance murfin kwalbati da ƙarfen gada ba, wannan sata ce, kuma ita ta ɓata wa sana'ar suna. Illa iyaka gwangwan ba zai isa ba. Ƙasar da ba ta gama gina gidajenta da gadojinta ba, ba ta da tsohon ƙarfe mai yawa da za ta narka, dole wani ya koma ga dutse.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka biyu gawayi ke yi a murhun tama? Wanne ne lantarki kaɗai ba zai iya yi ba?
2. Me ya haɗa murhun Taruga da masana'antar Aladja da ta Lulea?
3. Rufin wani masallaci ya ci ƙarfe tan 3. Tan nawa na hayaƙi aka saki in da dogon murhu aka yi shi, a lissafa tan 2 a kan kowane tan? In da gwangwan ne fa?
4. Masana'antar Oshivela tan 15,000 ce a shekara. In kowane tan yana cin kilo 55 na haidirojin, lita nawa ta ruwa za a raba a shekara?
5. Muhawara: a raba aji biyu. Wani kamfani ya zo yana neman fili da wutar Zungeru don ya yi soson ƙarfe. Ɓangare ɗaya su ne masu kamfani, ɗayan su ne dattawan gari. Kowa ya kawo sharuɗɗansa.

Aikin gida

Ku je wurin Sarkin Maƙera ko wani dattijo a zuriyar maƙera, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku tambaye shi ko ya taɓa jin inda ake haƙar tama a ƙasarku, da sunan da suke kiran murhun, da icen da ake ƙonawa. Ku rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, kada ku gyara. Wanda ya san kufan da ake samun kashin maƙera ya ɗauko guntu ɗaya ya zo da shi aji mako mai zuwa. Malami zai zo da maganaɗisu da tsohuwar fartanya mai tsatsa.